Masu Safa da Ruwan Farko

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da matarka da 'yan biyu. Mu nan sai godiyar Allah. Ƙugun da sauƙi, ba na ɗaukar sanda sai in zan fita bakin hanya. Kada ka sake aiko min da man shafawar nan mai warin fetur, na hannuna ma bai ƙare ba. Ta hannun direba na aiko kamar kullum. Na san za ka ce me ya hana ni kira. Maganar waya iska ce, in an gama kowa ya ce ba haka ya faɗa ba. Abin da aka rubuta shi ke zama shaida.

Ban manta ranar da ka zo da Kawunka ba. Ka tsaya a tsakar gidan ubanka ka ce, "Umma, me ya rage miki a nan? Kaji biyar da ko ɗan tsako ɗaya sun kasa fitarwa?" Ni kuma na ce in ruwan farko ya sauka babu ɗan tsako daga kajin nan, ka turo mota in tattara in bi ka benenka. Na faɗa, Kawunka ya ji. Alkawari kaya ne, ban taɓa sauke nawa a tsakiyar hanya ba. Amma kai ma ka sani ba a yi ruwan ba tukuna, don haka ka daina aiko min da labarin fentin ɗaki.

Kajin da ka rena ba ka taɓa tsayawa ka dube su ba. Mutanen layinmu masu safa suke ce musu, saboda gashin da ya rufe musu ƙafa har yatsu. Zakaran, Basamude, in ya miƙe wuya yana wuce gwiwata da nisa. Duk da haka bai taɓa saran kowa ba. In na watsa hatsi yakan tsaya gefe sai matan sun ƙoshi. Ba sa tashi sama, shingen da bai kai ƙugu ba ya ishe su. Sandar kwanansu ma sai da na sa kafinta ya sauko da ita kusa da ƙasa, don in sun diro daga sama nauyinsu yana fasa musu tafin ƙafa. Girma da sanyin hali ba su cika haɗuwa a jiki ɗaya ba, ko a dabba ko a mutum. Ubanka yana da su. Ku 'ya'yansa kun ɗauki girman kun bar sauran.

Yanzu ga labarin da za ka ji daɗinsa. Babbar kazar, wadda nake kira Gwaggo, ta yi kwanci kan ƙwai goma. Ba lalaci ta yi ba, ko ruwa sai na kai mata har baki. Amma duk juyin da za ta yi sai ka ji ƙas. Ta fasa huɗu, ruwansu ya ɓata sauran, suka zama baragurbi. Na binne su bayan akurki, na wanke gurbin da toka. Ina tara wasu.

Injin ƙyanƙyasar da ka ce za ka saya, ba na so. Ba zan tara marayu tun daga cikin ƙwai ba. Wadda ta haifa ita ke reno, haka aka yi duniya, ko a kaji ko a mutane. Har yanzu ana kwasar 'yan biyu da sassafe a kai su gidan renon nan?

Ka riƙe salla a kan lokaci, ka rage shan abin sanyi.

Mahaifiyarka.

*

Umma,

Wa'alaikumus salam. Mun ga saƙo, mun gode Allah da ƙugu ya yi sauƙi. Mu ma lafiya, sai ɗaya daga cikin 'yan biyu da haƙori ke fito wa, ɗayan kuma yana taya shi kuka don zumunci. Aiki ya yi yawa. Zafi ya shigo, kowane ofis na'urar sanyaya ɗakinsa ta tuna ta lalace, ni ke kan rufi ina gasuwa don wasu su sha iska.

Umma, Maman 'yan biyu ta karanta takardarki, don ni na miƙa mata ban duba ƙarshen ba. Ta ninke ta ajiye, ta ɗauki jakarta ta tafi wurin aikinta a asibiti. Ita ce fa ta zaɓi labulen ɗakinki, ita ta ce a sa ƙarfen riƙewa a banɗaki. Ban ce komai ba, na dai faɗa miki.

Wallahi ban ji daɗin fashewar ƙwan Gwaggo ba. Ni ba da kaji nake gaba ba. Abin da ke hana ni sukuni ranar nan ce da kika zame a bayan randa, kika kwanta a ƙasa tun hantsi har la'asar, sai da direba ya zo da saƙo ya tarar da ke. Katanga ɗaya ce tsakaninki da Mai kitso, gidanta cike da mata, amma ba wadda ta leƙo, don kin daɗe da koya wa layin nan cewa gidanki ba wurin leƙe ba ne. In da direba bai zo ranar ba fa?

Tunda dai kin ƙi inji, ga shawara. Kazar Mai kitso, 'yar ƙaramar nan baƙa da ke tsallako miki katanga, ai ba ta da aiki sai kwanci. Ki ba ta ƙwan. Kin fi ni sanin ana yi. Ina gaya miki ne duk da in kin ci ni na faɗi, ki ga irin adalcin da kika koya min.

Ɗanki,
Auta.

*

Auta,

Bayan sallama. Lafiyata ƙalau. Yaron da ke haƙori a riƙa ba shi ruwa a kai a kai, kuma kada kowa ya goga masa wani abu a dasashi.

Ka ce na fi ka sanin ana yi. Na sani tun kafin a san za a haife ka. Sanin abu daban, yarda da shi daban. Ƙwan Gwaggo ba zai shiga ƙarƙashin ɓarauniyar kazar da kullum sai ta diro ta cinye min dusa ba. Balle uwar ɗakinta. Matar da ta tattara 'yarta ɗaya tilo ta kai wa yayarta riƙo don ta sami sararin tara mata da rediyo tun safe har yamma. Na gaya mata ra'ayina a kan haka tuntuni, a gaban masu jiran kitso, ba a bayan idonta ba. Tun ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma daga nesa.

Maganar matarka kuma, ban ambaci sunan kowa ba. Tambaya na yi.

Zafin da kake kuka da shi a kan rufi, masu safa sun fi ka jin sa, don su ba sa iya tuɓe rigarsu. Da rana sai su buɗe baki suna haki, fukafukai a sake. Na jiƙa buhuna na rataya a jikin akurki, na haƙa musu rami a inuwa ina zuba ruwa su kwanta a danshi, ina canja ruwan sha da zarar ya yi ɗumi. Duk da haka ɗaya ta tafi, mai ruwan toka, wadda ta fi kowa ƙwai. Na same ta a gindin shinge kamar mai barci. Saura huɗu har da Basamude.

Na sake shirya wa Gwaggo gurbi. Wannan karon na zuba yashi a ƙasa, na shimfiɗa ciyawa mai kauri, na rage ƙwan zuwa bakwai. Ina cikin yi sai na ji murya daga kan katanga. Mai kitso ce ta taka turmi ta leƙo, wai kazarta take nema, ta kira ni da sunan da ta laƙaba min.

"Mama Hedimasta, sannu da aiki. Yau ma ana jarrabawa ne?"

Na ce, "Kazarki tana can tana cin abin da ba a saya don ita ba."

Ta ce, "Ai karatu take zuwa ɗauka. Wannan ƙatuwar taki kuwa, Mama, in ta zauna kan ƙwai ai kamar ni ce in zauna kan faranti."

Matan da ke bayanta suka kwashe da dariya. Na ci gaba da jera ƙwaina. Wanda ya biye wa kasuwa ba zai ƙulla ciniki ba.

Ka ce in da direba bai zo ba. Ai ya zo. Allah ba ya barin bawansa a bayan randa.

Mahaifiyarka.

*

Umma,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, haƙori ya fito, gida ya yi shiru. Amma ni hankalina ba a kwance yake ba. Direba ya je ya dawo sau uku ba takarda. Na kira, wayar a kashe, na san tana cikin kwano a kan kabad.

Jiya na tare shi a tasha na matsa masa. Ya ce ya ga kujerun Baba da teburinsa da akwatin littattafai duk a waje ƙarƙashin bishiya an rufe da tabarma, ke kuma kin ce ya gaishe ni, ba ki da lokacin rubutu. Umma, na gane. Ba sai kin rubuta ba. Na san ba abu ne mai sauƙi a wurinki ki ce an fi ƙarfinki ba, kuma ba wanda zai ji daga bakina. Kada ki ɗaga kaya masu nauyi, ki bari mu zo. Na yi magana da mai babbar mota, na kuma sayi katifa mai tauri saboda ƙugu. Kujerar Baba za ta shiga falo in an matsar da firji. Kajin kuma ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, malamin dabbobi zai samo musu mai saye da zai riƙe su da kyau.

Ki faɗa min ranar da kike so kawai.

Auta.

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. Ina lafiya, kuma ina gidana. Ka mayar wa mai mota da maganarsa, katifar kuma ka kwanta a kai. An yi ruwa ne da ban sani ba? Direba ya ga kujeru a waje, kai kuma ka zauna a can ka gina bene a kan abin da ya gani. Tun kana makaranta haka kake, ka karanta rabin tambaya ka fara amsa.

Kujerun suna waje ne don masu safa suna ciki. Ɗakin ubanka ya fi ko'ina sanyi a gidan nan, ƙasansa siminti, tagoginsa biyu suna kallon juna. Na fitar da kaya na zuba ɓuntun shinkafa, na shigar da su. Da yana raye shi zai riƙe min ƙofa. Tun da suka shiga ba wadda ta sake haki.

Rashin rubutu kuwa, ba na son rubuta abu sai na san ƙarshensa. Gwaggo ta sake fasawa. Yashin bai hana ba, ciyawar ba ta hana ba. Ranar da na ɗaga ta na ga ɓawo manne a gashin ƙirjinta, ta dube ni tana wannan ƙaramin kukan na masu kwanci, sai na zauna a bakin ƙofa na daɗe. Iska ta fara juyawa, da yamma gabas tana yin duhu. Ƙwai kuma sati uku yake so, ba ya karɓar roƙo. Dama ɗaya ta rage min.

Na zaɓi ƙwai mafi kyau na jera a kwano, na yafa mayafi, na zagaya ta waje na yi sallama a ƙofar Mai kitso. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Rediyon na ta ihu, mata uku a kan benci, ɗaya a ƙasa kanta rabi a tsefe. Da suka gan ni sai wata ta yi maza ta gyara ɗankwali.

Mai kitso ta ce, "Lafiya, Mama? Wani ya mutu ne?"

Na ce, "Aron kaza na zo. An ce taki ta fara kwanci."

Ta soke tsinken kitso a gashin matar da ke gabanta, ta dubi kwanon, ta dube ni. Ta ce, "Ikon Allah. Ashe dai, Mama, wata tana iya riƙe wa wata?"

Na ce, "Aron kaza na zo, ban zo muhawara ba. In babu, in koma."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Akwai. Amma 'Yar Masifa ba ta kwanci a gidan baƙi. In kika ɗaga ta daga gurbinta ta fasa ke nan. Ga ta can ƙarƙashin bencin nan, cikin tsohon kwandon zare. Ƙwanki ne zai zo, ba ita za ta je ba."

Gaskiya ta faɗa, kaza ba ta yarda da canjin gurbi. Muka jira har bayan magariba da idonta ya rage gani. Mai kitso ta sa hannu ta zare nata ƙwan, ta sha sara uku tana zagin kakannin kazar, ni kuma ina miƙa nawa ɗaya bayan ɗaya. Shida kawai ta iya rufewa, ta baje kamar an kifa ƙwarya. Na ce nawa zan biya. Ta ce ba ta sayar da zaman kaza, amma tana da sharaɗi: ba za ta riƙa kallon wannan kan nawa kullum a haka ba, sai na zauna ta yi min kitso. Tun faɗuwar nan hannuna ba ya kaiwa ƙeya, ban san ta lura ba. Na zauna. Hannunta da zafi, bakinta ya fi.

Yanzu kullum sai na je duba ƙwaina safe da yamma, don ban yarda da ƙafafun matan nan a kusa da kwandon ba. Ina zama a ƙarshen benci in tsare. Abin da kunnena ke ji a ɗakin nan, Allah ya shirya. Na gyara wa wata amarya lissafin adashi, na kuma gaya wa wata gaskiya kan yadda take yi wa uwar mijinta magana. Ba ta dawo ba, Mai kitso ta ce na kore mata ciniki, washegari kuma ta aiko a tambaya ko lafiya da na makara.

Kada ka rubuto min wata magana kan wadda ta haifa. Kaza dabba ce.

Mahaifiyarka.

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ban jira amsarka ba. Lafiyata ƙalau, ina fatan ku ma haka.

An yi ruwa.

Tun kwana biyu kafin nan hadari ke haɗuwa yana watsewa. Ban roƙi Allah ya riƙe shi ba. Manoma sun gyara gona suna kallon sama, wace ce ni da zan tsaya tsakaninsu da shuka saboda ƙwai shida? Na dai yi shiru. Ranar da ya sauko ina ɗakin Mai kitso da la'asar. 'Yar Masifa ta tashi shan ruwa, na ɗauki ƙwai ɗaya na kara a kunne, na ji ɗan tsako yana kuka a ciki, yana ƙwanƙwasa ɓawo. Ban ajiye shi ba na ji ɗigon farko ya bugi kwanon rufi. Ba yayyafi ba ne da za a yi gardama a kai. Ruwa ne sosai, har ya cika kwata ya shigo tsakar gida. Matan suka fita suna tara bokiti suna murna. Ni na mayar da ƙwan gurbinsa.

Sai bayan kwana biyu suka fito. Biyar, ɗaya bai yi ba. Auta, da ka gan su. Tun yanzu da 'yan safarsu a ƙafa, kowane ya kusa biyun ɗan tsakon gida. 'Yar Masifa tana tafe suna bin ta, ta kumbura kamar ita ta yi su, ko kyanwa ta gifta sai ta bi ta har waje. Da yake ba za ta iya tsallake katanga da su ba, ta gano rariyar da ke gindin katangarmu, ta nan take shigo da su wurin dusa. Ranar farko Basamude ya sunkuyo ya dube su, ta daka masa sara a ƙirji, ya ja da baya ya ba ta hanya, ita da ba ta kai cinyarsa ba.

Mai kitso ta ce, "Mama, wa ya gani? Ruwan a garinsu ya sauka? Ki rubuta masa sun fito tun kafin hadari. Ni ce shaida, in ya so in rantse."

Na ce, "Da me za ki rantse?"

Ta ce, "Da tsinken kitsona. Haba Mama, kwana biyu fa! Ko alƙali ai yana ɗaga ƙafa."

Na ce mata yaron nan ban taɓa dukansa don ya fasa kofi ba, amma na dake shi don ya ce ba shi ya fasa ba. Ba zan tsufa in koya masa abin da na hana shi ba. Ta ce to ita ba za ta yi min kitson tafiya ba, in je can a yi min na inji. Ta shige ɗaki ta ƙure rediyo. Da na leƙa na ga ba kitso take yi ba, zaune kawai take.

Saboda haka ka turo mota. Na ce kafin ruwan farko, ruwa ya riga su. Na fara ɗaure kaya, wannan karon direba bai yi ƙarya ba in ya gaya maka. Masu safa ba za a sayar ba. Mai kitso za ta riƙe su, na nuna mata yadda ake wanke musu ƙafa in laka ta daskare a gashin, don in an bari yatsu ke ruɓewa. Ba ta da haƙuri, amma tana da ido. Abu ɗaya nake so, motar ta zo da safe. Ba na son layin nan su taru suna kallona.

Mahaifiyarka.

*

Umma,

Wa'alaikumus salam. Duk muna lafiya. Takardunki biyu tare suka iso. Na karanta ta farko ina dariya har maƙwabci ya leƙo, na karanta ta biyu na kasa cin abinci.

Maman 'yan biyu ce ta karɓa ta karanta, ta ce, "Kai yanzu in ka ɗauko ta ka kawo nan, wa ka ɗauko? Mu fita tun safe, ta yini ita kaɗai a hawa na uku tana kallon labule. A can kuwa in ta makara ana aikowa a tambaya." Na ce ai alkawari ne. Ta ce, "Alkawarin naka ne yanzu, kai ka ci. Wanda ya ci shi ke da ikon abin da ya ci."

To Umma, ga hukuncin wanda ya ci. Mota ba za ta zo ba. A madadinta ina so a fasa katangar da ke tsakaninki da Mai kitso a sa ƙofa, wadda mutum zai wuce ba sai ya zagaya ta waje ba. Kuma ƙofar nan ba sakata, ba kwaɗo, ba ta gefenki ba ta gefenta. In kin yarda, na yafe tafiyar har abada. In ba ki yarda ba, katifa tana nan. Na kira Kawu na gaya masa, ya ce shi dai kada a ce shi ya kawo shawarar, yana son ransa.

Ban tambayi Mai kitso ba. Wannan aikinki ne, tunda yanzu kin san hanyar gidan.

Ɗanki,
Auta.

*

Auta,

Bayan sallama da fatan alheri. Ina lafiya, ƙugu yana ɗan motsawa in an yi sanyin ruwa, ba wani abu ba ne. Ka gaida matarka. Ka ce mata na ji abin da ta faɗa, kuma mace mai hankali ce. In an yi hutu ta kawo min yaran su ga kaji.

Ban ji daɗin yadda ka ci magana ka sake ta ba. Namiji in ya kafa sharaɗi ya tsaya a kai. Don haka ban kwance ko ƙulli ɗaya ba sai da na sa aka kira Kawunka, na zaunar da shi na tambaye shi tsakaninsa da Allah: wanda aka yi wa alkawari in ya musanya shi da wani, na farkon ya sauka? Ya ce ya sauka. Na ce ya maimaita. Ya maimaita yana kallon ƙofa. Sannan na kwance kaya.

Mai kitso kuma da na je mata da maganar sai ta ce, "Ni za a tsare da Hedimasta ba sakata? Me na yi wa ɗanki?" Ba ta rufe baki ba ta aika a kira magini, ƙanen mijin wata mai zuwa kitso.

Ko ba don kai ba ma ƙofar ta zama dole. 'Yan tsakin suna girma kamar ana hura su. Shekaranjiya babbansu ya maƙale a rariya, kai a gidana, gindi a gidanta, uwar tana ihu tana saran duk wanda ya matso. Sai da Mai kitso ta shafa masa man kitso ta turo, ni na jawo. Ya fito yana ƙamshi kamar amarya.

An fasa katangar jiya, an kafa ƙofar yau. Ban so faɗinta ba, na ce a rage, aka rage. Na sa an yi mata dakali ƙasa-ƙasa don masu safa su wuce ba tsalle. Tun kafin siminti ya bushe Basamude ya taka ya shiga gidan mutane, ya tsaya a tsakiyar masu kitso kamar an gayyace shi, sawunsa yana nan a dakalin. Huɗu daga cikin 'yan tsakin ina zaton mata ne. In Allah ya kai mu baɗi, ƙwai zai yi wa 'Yar Masifa yawa, sai an nemo mata mataimakiya. Na riga na sa ido kan wata ja a gidan mai wanki.

Magini bai san sharaɗinka ba, ya zo da sakata sabuwa a aljihu, ya tambaya ta wane gefe za a sa. Mai kitso ta dube ni, ni ma na dube ta. Na karɓa na biya shi kuɗinta, don ba a mayar da mai sana'a da kayansa. Tana nan a kan taga. Ban sa ba. Ban kuma yar ba, kuma na tabbatar Mai kitso ta ga inda na ajiye ta.

Ka riƙe gaskiya, ka kula da kanka a kan rufin nan.

Mahaifiyarka.